Ƙafafun Matar Kulle: Daga Kuyanga Zuwa 'Yar Talla

Wanda ya taɓa yin sammako a cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Katsina, ya san muryar da take biyo bayan kiran assalatu a lunguna. Yarinya ce da ba ta wuce shekara tara ko goma ba, gammo a ka, tiren ƙosai rufe da faifai, ƙanwarta na biye da ita da bokitin koko da ludayi. Kafin hantsi ta zaga unguwa sau biyu, ta shiga gidajen da ba a yarda baligi namiji ya wuce zaurensu ba, ta karɓi kuɗi, ta ba da canji, ta riƙe a ka wanda ya ci bashi da wanda ya biya na jiya. Idan masu ƙidaya suka zo da takardunsu, gurbi biyu ne a hannunsu: ko yaro yana makaranta, ko yana aiki. Ita ba ta cikin rajistar makaranta, ba kuma mai biyanta albashi, saboda haka sai a zuba ta a kwandon marasa karatu marasa aikin yi, kwando ɗaya da masu zaman kashe wando a bakin titi. Uwarta kuwa, wadda ta surfa wake tun dare, ta buga ƙullu, ta hura wuta kafin zakara ya yi cara, an rubuta ta matar gida. A takarda mutum biyu ke nan da ba sa tsinana komai, alhali rabin unguwar da abin hannunsu suka karya kumallo.

Yawancin maganar da ake yi a kan talla daga tsakiya ake ɗaukarta. Wani ya ce kwaɗayin iyaye mata ne, wani ya ce talauci ne, wani ya ce ƙin boko ne. A ganina tarihin al'adar yana faɗin wani abu da ya fi waɗannan zurfi. Kulle bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Duk inda aka tsare mace a gida, dole a sami mai fita a madadinta. A zamanin da kulle yake na sarakuna da malamai da attajirai, bayi ne masu wannan fitar. Da bauta ta mutu, kulle kuma ya bazu har gidan talaka, aikin fitar yana nan daram, sai dai ya sauka a kan wadda ta fi kowa sauƙin aike a gidan, wato 'yar da ba ta isa aure ba. 'Yar talla gadon kuyanga ta ci, ko da kuwa uwar da ta haife ta ce ta ɗora mata tiren.

Tsohon tarihin Kano da ya jero sarakuna tun daga Bagauda ya lissafa sababbin abubuwa goma sha biyu da Sarki Muhammadu Rumfa ya ƙago a mulkinsa, tsakanin 1463 da 1499. A cikinsu akwai kafa kasuwar Kurmi, akwai kuma fara kulle. Ba kasafai ake ambaton biyun nan tare ba, amma sun cancanci a haɗa su: sarkin da ya buɗe babbar kasuwar birni shi ne ya rufe ƙofa a kan matan gidansa. Rufewar kuwa ba ta raba matan da harkar dukiya ba. Binciken da Heidi Nast ta yi a Gidan Rumfa ya nuna cewa ƙwaraƙwaran sarki sun daɗe suna kula da hatsin da ake kawowa fada daga ƙauyuka, kuma suna da hannu a rinin baba a cikin gidan. To macen da ba ta taka ƙofar waje, ta yaya take sanin abin da ya shiga rumbu daga garin da ke nisan kwana biyu? Ta bakin kuyangi da bayi da jakadiya, wadda har gobe ita ce take kai da komowa tsakanin cikin gida da fada. Tun ran farko ke nan kulle ya zo da ma'aikatansa, kuma abu ne mai tsada da sai mai hali. Matar talaka tana gona, tana rafi, tana daji neman itace, tana kasuwa. Ko a 1824, da Baturen nan Clapperton ya zauna a Kano, ya tarar da mata a kasuwa suna sayar da abinci.

Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 ya ɗaga darajar tsare mata, domin malaman jihadi sun yi ta suka a kan cakuɗuwar maza da mata. Amma Shehun da ya yi wannan sukar shi ne kuma, a cikin Nurul Albab, ya caccaki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Yadda 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta warware wannan ƙulli abin lura ne ga maganarmu. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa wa dattijan mata da ake kira jaji malfa da jan rawani, suna tasowa daga ƙauyuka su zo wurinta su ɗauki karatu su koma su rarraba. Su wa suke yin tafiyar? Tsofaffin da suka wuce haihuwa da 'yan matan da ba su yi aure ba. Matan aure suna gida, suna aiko da saƙo da sadaka, karatu yana iske su a ɗaki. Ilimi kansa, a mafi tsarkin misalin da muke da shi, a kan ƙafar tsohuwa da yarinya ya yi tafiya. Shekarun mace sun kasu uku: tana fita kafin aure, tana zaune a lokacin haihuwa, tana sake fita idan ta manyanta. Tsarin da talla ta ginu a kansa ke nan.

Sai dai a ƙarni na 19 nauyin fitar bai faɗo wa 'ya'yan gida sosai ba, saboda akwai masu ɗaukarsa. Masana tarihi suna ƙiyasin cewa tsakanin rubu'i da rabin mutanen Daular Usmaniyya bayi ne, kuma mata suna da yawa a cikinsu. Su ne a gandu da rinji, su ne a bakin rijiya, su ne masu daka da niƙa da ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Fita aiki a rana ya zama tambarin baiwa, zama a inuwar ɗaki ya zama tambarin 'ya. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajajen 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, kuma a cikinsa ana ganin wannan rabon aiki ƙarara a rinjin gidansu: bayi mata suna noma, matan iyayengiji suna gida da kaɗi da girki da 'yan sana'o'insu.

Daga nan ƙasa ta juya. Dokar da Lugard ya shelanta a 1901 ta hana harin bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar ɗa ne. Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Bauta ba ta mutu dare ɗaya ba, sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya, amma a tsakanin nan dubban bayi sun gudu, wasu sun fanshi kansu ta murgu, wasu sun zauna a inda suke suna noma wa kansu. Abin da M. G. Smith, mijin Mary, ya lura da shi a Zazzau shi ne, matan da suka fita daga bauta abu na farko da suka yi shi ne ajiye fartanya. Wadda aka sani jiya da tulu da ƙunshin itace, yau tana so a san ta da zaman ɗaki, domin shi ne shaidar ta zama 'ya. Mijinta ma haka yake so, don namijin da matarsa ba ta fita ya shiga sahun masu mutunci. Smith ya tarar mutane suna raba aure kashi uku, auren kulle, auren tsari da auren jahilai, kuma sunan na ukun kaɗai ya isa ya nuna inda guguwar ta dosa. Ba wanda yake so a ce aurensa na jahilai ne. Haka al'adar fada ta gangaro ƙauye, amma ta gangaro ba tare da kuyangin da suka riƙe ta a fada ba.

Akwai mai cewa wannan bayani ya cika sauƙi, kuma mai cewar ba ƙaramar masaniya ba ce. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, daga baya kuma ta yi aiki a Ɗorayi, ta nuna cewa abin da ya sa kulle ya yiwu a ƙauyukan Kano da Katsina shi ne ruwa yana kusa, kowane gida yana iya haƙa rijiya a tsakar gida, ga kuma jakuna birjik masu ɗaukar itace da amfanin gona. Inda rijiya take da nisa, mata suna fita ko malam ya so ko bai so ba. Ana iya ƙarawa da cewa a Maraɗi, kamar yadda Barbara Cooper ta bayyana, mata da yawa sun ci gaba da noma gayaunarsu bayan ƙarewar bauta, kulle ya fi bin gidajen alhazai masu kuɗi, kuma Maguzawa, waɗanda harshe ɗaya da ƙasa ɗaya suka haɗa su da maƙwabtansu Musulmi, matansu ba su taɓa ajiye noma ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya hana mutum ɗora komai a kan dalili ɗaya. Amma idan aka duba da kyau, hujjar Hill ƙarfafa maganar take yi. Aikin baiwa kashi-kashi ne. Rijiyar tsakar gida ta ɗauke ɗibar ruwa, jaki ya ɗauke itace da dako, maigida da 'ya'yansa maza suka ɗauke noma. Saura guda: kai kaya ga mai saye, yin ciniki, dawowa da kuɗi daidai. Wannan kam jaki ba ya iyawa.

Abin da ya ƙara wa wannan saura nauyi shi ne sauyin da sana'ar cikin gida ta yi, kuma a nan ne na fi ganin masu magana a kan talla suna tsallake. Babbar sana'ar matan Hausa a da kaɗi ce. Mace ta gurje auduga a kan magurji, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari tana murzawa, zare ko abawa yana taruwa. Kano ba ta zama garin saƙa da rini da ya tufatar da rabin Sudan ta Tsakiya ba sai da zaren waɗannan mata. Zare kuwa yana da haƙuri. Ba ya tsami, ba ya hucewa, ana iya tara na mako guda a ba dillaliya ko wata tsohuwa ta kai kasuwa ranar da take ci. Mai kaɗi ba ta bukatar yarinya a bakin ƙofa kowace safiya. Da yadin kanti ya cika kasuwa, masaƙu na zamani kuma suka tashi, ta Kaduna ta fara aiki a 1957, sai kaɗi ya daina ciyar da mai shi. A daidai wannan zamani wata ƙofar ta buɗe. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, garuruwa suka cika da 'yan dako da leburori da 'yan ci-rani da gwauraye marasa mai dafa musu. A gidajen aure ma, bisa al'ada tuwon dare ne wajibin da ba a wasa da shi, na safe da na rana sau da yawa saye ake yi. Mata suka koma kasko da tanda da tukunya: ƙosai, waina, fura, ɗanwake, alala, dafaffen rogo, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Waɗannan kaya ba su da haƙurin zare. Ƙosan da ya kai azahar ya yi kwantai, furar da ta kwana ta tashi daga kuɗinta. Sana'ar da ta maye gurbin kaɗi tana neman ƙafa kullum, sau biyu ko uku a rana, a kan lokaci.

A duba yadda abin yake a tsakar gida. Mai man gyaɗa ta sayi tiya biyu, ta soya, ta murje, ta sheƙe, ta ɗora wa yarinya ta kai inji. An dawo da ƙullin, ta zuba a turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, ta kwashe a kwalabe, tunkuzar ta mulmula ta soya ƙuli-ƙuli. Kafin tire ya fita sai an ƙirga a gaban yarinya: ga adadin ƙuli, ga kuɗin kowane ɗauri, ga 'yan biyu na gyara. Idan ta dawo ta kwance bakin zane ta zube kuɗin a tabarma, a sake ƙirgawa, a ware uwar kuɗi, a ware riba, a ware zubin adashi. Idan kayan maƙwabciya ta haɗa ta sayar, tana da la'adarta, ta jefa a asusu. A hanya ta sayo gishiri da daddawa a gidan wance, ta kai saƙon biki gidan wance, ta dawo da labarin farashin gero a gidaje uku. Hill ta ga irin wannan a Batagarawa, inda har hatsi mata suke aunarwa a ɗaki, ta kwatanta garin da saƙar zuma: kowane gida ɗan rumfa ne, yara ne hanyoyin da suka haɗa rumfunan, kuma farashi yana daidaita a tsakaninsu ba tare da masu kayan sun ga juna ba. Kasuwa ce cikakkiya wadda ba ta da fili.

Me ya sa mace take wahalar neman nata, alhali shari'a ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli? Saboda shari'ar da ta ɗora masa wannan ita ce ta ce abin da mace ta samu nata ne, miji ba shi da iko a kansa, kuma saboda akwai buƙatun da ba sa cikin lissafin miji. Akwai biki, wanda bashi ne da ake mayarwa da ƙari. Akwai ranar da saki zai zo, don aure a ƙasar Hausa bai taɓa zama abin da mace mai hankali za ta jingina da shi gaba ɗaya ba. Sama da duka akwai kayan ɗaki. A zamanin Baba ƙore ne da tasoshi, daga baya langa da fanteka da samira suka cika bango, tangaran ya biyo, yau ana maganar gado da kujeru da firji. Ranar jere dangin ango suna kallo, kuma abin da aka jera shi ne mutuncin amarya da na uwarta, shi ne kuma bankinta, don kwano ana sayar da shi ranar tsanani. Babban kason wannan kaya a wuyan uwa yake. Ga inda zaren ya ƙulle ke nan: yarinya tana talla ne don a tara abin da za a kai ta ɗaki da shi, ɗakin da idan ta shiga ba za ta ƙara fita ba sai da izini, inda ita ma za ta buƙaci yarinyar da za ta fita mata.

Wannan buƙata ce ta sa riƙo ya zama abin da ya wuce zumunci kawai. Amarya takan tafi da ƙanwa, wadda ba ta haihu ba ko 'ya'yanta suka girma takan karɓi 'yar ɗan'uwa, da alƙawarin ita za ta yi mata kayan ɗaki. Almajirin da ke zuwa ɗaukar ragowar tuwo shi ma yakan zama ɗan aike. Yara maza suna talla, amma wa'adinsu gajere ne: da zarar murya ta fara buɗewa an hana shi shiga gidajen mutane, ya koma rumfar uba ko gona ko wurin koyon sana'a. Yarinya ita ce mai lasisin shiga ko'ina har ranar da za a sa ta a lalle. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal daga 1976, ta tarar cewa matan da suke da yaran talla suna samun abin da ya ɗara na marasa su nesa ba kusa ba. A Kurawa, unguwar masu sarauta da ma'aikata, inda yara suka fi zuwa makaranta, mata sun fi karkata ga ɗinkin hula da irin sana'ar da ba ta neman tire, mai ƙarancin riba. A Ƙofar Mazugal ta 'yan kasuwa tire ya fi yawa, 'yan mata a aji sun fi ƙaranci.

Shekarar da Schildkrout ta fara binciken ita ce shekarar da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa, a Satumban 1976. Makarantun 'yan mata na farko da aka buɗe a Kano da Katsina a 1930 ba su taɓa tattalin arzikin kowa ba, domin 'ya'yan fada da na bayin sarki ne suka cika su. Shirin 1976 shi ne ya fara ƙwanƙwasa ƙofar mai ƙosai, kuma abin da ya nema a wurinta shi ne yarinyarta daga ƙarfe bakwai da rabi zuwa azahar, wato sa'o'in da kasuwar koko da ta abincin rana suke ci. An ce kyauta ne, amma ga wannan uwa kuɗinsa shi ne cinikin yini. Masu cewa addini ne ko duhun kai ya hana iyaye sakin 'ya'ya mata, ya kamata su amsa tambaya guda: me ya sa iyayen nan ba su hana yaran zuwa makarantar allo da Islamiyya ba, me ya sa matan auren da kansu suka cika ajujuwan yaƙi da jahilci bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980? Allo da Islamiyya sun san lokacin tire, suna kaucewa, da sassafe ko bayan la'asar ko da dare. Ban ce babu tsoron boko ba. Akwai shi, akwai kuma fargabar yarinya ta balaga a waje ba a ɗakin miji ba. Amma uwar da take tsoron aji saboda tarbiyya ba za ta tura 'yarta tasha da tire ba, in ba don lissafin da ke kan tabarma ya fi ƙarfinta ba.

Akwai kuma masu kare talla daga ɗaya ɓangaren, masu cewa ita ma makaranta ce: a nan yarinya take koyon lissafi da iya magana da sanin mutane, a nan take sanin garin da za a kulle ta a cikinsa, a nan ma sau da yawa mijin aure yake ganinta. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma duk wanda ya taɓa gwada cutar 'yar goro a canji ya san ta fi shi lissafi. Amma makarantar da aka kwatanta ta garin da kowa ya san kowa ce, inda yarinya take zaga gidajen dangi da maƙwabta, kowane dattijo a ƙofar gida yana iya kiran sunan ubanta. Garin nan ya tafi. Tallar yau ta tashar mota ce, da garejin makanikai, da kangon gini, da tsakiyar titi a cikin dogon layin motoci, wani lokaci har bayan isha'i, saboda an ce kada ta dawo da kwantai. Abin da ke samun yara a waɗannan wurare kotuna da asibitoci sun sani, iyaye ma sun sani. Sannan ilimin da talla take bayarwa ya dace da duniyar anini da kwabo. Ba ya karanta takardar magani, ba ya duba saƙon banki a waya. Ga kuma abin da ya kamata ya dami mai tunani: al'adar da aka kafa don kare mutuncin mace ta tsare mai shekara talatin da hankalinta a bayan katanga, ta tura mai shekara goma cikin maza. Ba na jin malaman da suka yi wa'azin kulle wannan suka nufa.

Hukuma kuwa kullum tiren take gani. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana sa yaro talla a manyan tituna, jihohi sun sha yin shela, ana kamawa, ana zubar da kaya, bayan mako biyu muryar ta dawo lungu. Dole ta dawo, domin an kori ƙafa ne an bar buƙatar tafiya. Inda tire ya ragu da gaske, wani abu ne ya karɓi aikin. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, matar da ke ɗaki tana iya karɓar oda, mai adaidaita sahu ya kai kaya, kuɗi ya shigo ta asusu. Wata ta sa firji a zaure masu saye suna zuwa da ƙafarsu, wata mijin ya yarda ta buɗe taga a jikin katanga, wata ta sami makarantar da ke yin ajin yamma. Amma waya da firji da kuɗin mai adaidaita na masu ɗan hali ne, kamar yadda kuyanga ta kasance ta masu hali a zamanin Rumfa, kuma ribar ƙosan naira hamsin-hamsin ba ta biyan ɗan aike. Saboda haka duk mai shirin raba yarinya da tire, gwamna ne ko malami ko maigidan da yake alfahari matarsa ba ta fita, tambayar da ke gabansa ba ta yarinyar ba ce. Ya fara faɗa mana wanda zai kai ƙosan uwarta bakin masallaci gobe da asuba, da wanda zai sayi kayan ɗakin.